Mai Sayen Cikin Tarwaɗa

A kasuwar Gidan Rumji, wani baƙo yana tsugune gaban Baba Ishaku mai kifi. Siriri ne, takalminsa duk busasshen taɓo, amma tafin hannunsa bai san hauya ba. Ba ya son tsoka, cikin tarwaɗa kawai yake saye. Yana farke tumbin da reza, yana jera 'ya'yan karfasar da ta haɗiye, yana rubutawa a kaye, ɗan littafin rubutunsa.

"Baba, tarwaɗar da aka zuba a tabkinku, in lissafina ya yi daidai, cikin damina uku za ta cinye karfasa."

"Mushe, wace jam'iyya ta aiko ka?" in ji Baba Ishaku, yana kiransa malam da Faransanci.

Baƙon murmushi kawai yake yi. Wataƙila ɗalibi ne daga Yamai, amma ni ma da nake tsaye a gefe ban yarda da shi ba. Zaɓe na tafe, kuma da irin wannan takarda ake hana talaka tabkinsa.

Baƙon na ba da baya, Baba Ishaku ya yi tsaki. Can ya waiga, ya jawo tarwaɗa ɗaya ya farke. Yana ƙirga 'ya'yan karfasar da ke cikinta a hankali. Ya kai tara, bai gama ba.