Tumatirin Yaya a Kan Soro

Shekarar da yayanmu ya yi ritaya sai ya rasa inda zai sa kansa. Ana haka ya ga wani bidiyo a waya, wasu suna noman tumatir a cikin fayif, ba ƙasa ko kaɗan, ruwa kawai da sinadarin taki. Daga ranar gidanmu na Kabara bai ƙara samun sukuni ba.

Mutumin da ko barkono bai taɓa shukawa a gwangwani ba, sai ga shi yana yi mana lacca a tsakar gida, wai ƙasa ce ke sa wa shuka cuta, wai manoma wahalar banza suke sha. Ya sa aka sauke kuɓewar da mahaifiyarmu take shanyawa a kan soro, aka hau da fararen fayif masu huji-huji, da tankin roba, da ɗan injin da ke zagaya ruwa.

Mahaifiyarmu ta ce, "Kai, soron nan fa na ƙasa ne. Azarar nan ta girme ka."

Ya ce, "Hajiya, wannan kimiyya ce, ba lalle ki gane ba."



Shukar ta fito shar, wannan kam ba zan ci hakkinsa ba. Amma kullum bayan la'asar sai ya kwaso abokansa ta tsakar gida, mu yi ta neman mayafi, su hau su yi ta kiransa Injiniya yana wani gyara hula.

Da bazara ta shigo aka ɗauke wuta kwana da kwanaki. Injin ya tsaya, ruwan fayif ya yi zafi kamar na shayi, saiwoyin suka ruɓe, wari ya sauko har madafa. Na tambaye shi, "Yaya, bidiyon bai faɗi batun wuta ba?" Ya ce ba wuta ba ce, baki ne ya kama shukar. Mai kimiyya guda, da idona na gan shi yana tsiyaya rubutu a tankin.

Ashe duk tsawon lokacin nan tankin yana yoyo. Wata safiya mahaifiyarmu ta fita alwala, sai wani ɓangaren rufin ɗakinta ya rufto kan gadonta. Allah ne ya tsare. Ko muryarta ba ta ɗaga ba, ta ce kafin azahar kada ta ga ko igiya a soron nan.

Tumatirin da ya tsira bai cika tafin hannu ba, ƙanana kamar kanya. Sai da ya ɗauke su hoto ta kowane ɓangare ya tura wa abokai kafin ya bari na jefa su a miya, suka ɓace a ciki.

Yanzu kuma batun kiwon tarwaɗa yake yi. Ran nan maƙociyarmu ta gan shi a zaure yana auna bango da taku.