Babu Mai Hawa Kan Sunan Baba

Shekarar da kamfaninmu ya gano cewa mu jahilai ne, ni aka ba aikin yawo da ilimi a jaka. Taki da iri da maganin feshi muke sayarwa, shago uku: Salaga, Yendi, Bawku. Manyan ofis na Tamale suka sayi laftof guda ɗaya tal, suka zuba mata darussa kan yadda ake riƙe maganin feshi ba tare da mutum ya kashe kansa ko manomi ba. Ka kalli bidiyo, ka amsa tambaya goma, kowace maki goma. Saba'in ne ci. Sau biyu ake ba ka dama. Tsohon ma'aikaci in ya faɗi, faɗa kawai zai sha. Ɗan wucin gadi kuwa, sai ya kama hanyar gidansu.

Ni aka zaɓa saboda na taɓa gyara wa manaja wayarsa. Kashe ta na yi na kunna. Tun ranar injiniya suke kirana.

A Salaga ba a sha wahala ba. Gida ne, mu huɗu duk sa'annin juna, muka ci, muka zagi juna. A nan na lura in ka gama, injin yana jera sunaye a allo, mai maki da yawa a sama, sauran a ƙarƙashinsa. Na uku na zo, amma caja a hannuna take, saboda haka babu wanda ya ja maganar da nisa.

Shagon Yendi mutum uku ne. Akwai Baba mai sito, wanda tun kafin a ƙirƙiro taki yake sayar da taki. Akwai direban da ke kai kaya ƙauye. Sai Madam mai tsaron kanta, 'yar ƙanwar Baba, wadda shi ya kawo ta aikin. Shekara guda tana wucin gadi, da yara biyu a makaranta. Ita ke karanta wa manoma rubutun jikin kwalba, ta juya shi Dagbanci, ta juya shi Hausa, in ka matsa har Twi. Wannan jarrabawa ce za ta sa a tabbatar da ita.

Baba ya fara, mana. A Yendi ko ruwa aka kawo shi ke fara sha. Ya zauna gaban laftof kamar mai jiran likita ya ciro masa haƙori, ya danna abin da Allah ya nufe shi da dannawa. Arba'in.

Direba ya zauna. Talatin.

Madam ta zauna. Na riga na fara naɗe wayar caja don na san minti biyar ya ishe ta. Talatin.

Na ja ta bayan buhunan taki. Na ce, "Madam, matar da ke gyara wa ma'aikatan gona Turanci, talatin? Ko akuyar maƙwabta ta taka madannan nan za ta samu arba'in."

Ta ce, "Injiniya, rage murya. Ka ga allon nan? Sunana a kan na Kawu? Mutumin da nake durƙusa masa kowace safiya? Da wane ido zan kalli uwata?"

"Da idon mai aiki. Saura miki dama ɗaya fa."

"Na sani."

"In kika faɗi, sallama ce."

"Na ce na sani. Kai dai ɗan Salaga ne, ku har kakanku kuke yi wa ba'a."

Wannan gaskiya ne, ban musa ba.

Abin da ya rage shi ne a ɗaga Baba sama, don a samu wurin da ita za ta raɓe a ƙarƙashinsa. Na ce masa Tamale sun ce dattawa su sake kallon bidiyo da tafinta. Tamale ba su ce komai ba. Muka zaunar da shi washegari tun safe, da kofin kokonsa, Madam tana fassara. Baba ya yi rigima da mutumin cikin bidiyon daga farko har ƙarshe.

"Wannan mai safar hannu, ya taɓa ɗaukar buhu kuwa? Dubi wuyansa."

"Kawu, ya ce kada a zuba magani a kwalbar lemo."

"To wannan ya yi gaskiya. Ci gaba."

"Ya ce kada a shinshina."

"In ban shinshina ba, ta ina zan san na jabu?"

"Ta lambar jiki, Kawu."

"Hancina ya girmi lamba."

Amma ya saurara. Da aka zo inda magani ke fantsama a ido, ya sa aka maimaita har sau uku, don wai akwai manomin da ya sani ta wajen Gushegu da idonsa ɗaya ya tafi a haka. Madam ta ce ruwa mai tsabta, a yi ta wankewa, sannan asibiti. Ba man kaɗe, ba tsumma.

Baba ya zauna jarrabawa. Minti hamsin ya yi, ni kuwa na tsufa da shekara uku. Saba'in cif.

Na yi murna kafin na yi lissafi. Ƙarƙashin saba'in faɗuwa ce, sama da saba'in rashin kunya ce. Dole Madam ta samu saba'in daidai, kuma ta fi shi daɗewa, don in maki ya zo ɗaya injin mai sauri yake ɗorawa sama. Wato ta ɓata uku da gangan, kada ta kuskure ko ɗaya a sauran bakwai, sannan ta zauna ta ƙura wa allo ido kusan awa guda. Motar Bawku da zan bi kuwa tana tasha tana cika.

Ta fara. Baba ya jawo benci ya zauna bayanta, wai zai ba ta ƙarfin gwiwa tunda shi ya riga ya haye. Baba ba ya karanta Turanci, amma kowace amsa da hotonta. Tambaya ta shida: magani ya shiga ido. Ga hoton famfo, ga tsumma, ga gwangwanin man kaɗe. Madam ta ɗora a kan gwangwani.

Baba ya ce, "Tsaya."

Har direba ya daina tauna.

"Ke ba ɗazu kika ce min ruwa ba?"

"Kawu, hannuna ne ya..."

"Hannunki lafiyarsa ƙalau. Jiya ma hannun ne ya ba ki talatin?" Ya juyo kaina. "Kai, ɗan Salaga, da kai aka haɗa?"

Na ce, "Baba, ni caja kawai nake riƙewa."

Ya ce mata, "Koma ta ɗaya. Ki karanta da ƙarfi, ki faɗa min da Hausa abin da kika zaɓa. Manomi zai zo da ido yana ci da wuta, ki ce masa man kaɗe saboda kunyar kawunki? Ni na kawo ki nan ki riƙa faɗuwa a ƙarƙashina?"

Ta koma ta ɗaya. Tana karantawa, Baba yana cewa "haka ne" kamar shi ya rubuta darasin. Da aka zo tambayar shinshina, sai ya kalli rufi. Ɗari bisa ɗari. Sunanta ya hau can sama, na Baba a ƙasa. Ta rufe fuska da mayafi kamar an kama ta da sata.

Baba ya daɗe yana kallon allon. Ya ce, "Tamale za su ga wannan?"

Na ce za su gani.

"To ka gaya musu 'yar ƙanwata ce."

Direba ya sake zama, ya samu talatin kuma. Ashe shi tasa ba ladabi ba ce.

Motar Bawku ta tafi ta bar ni, na kwana a kan buhunan masara, washegari na bi ta gaba. Ina can na ji takardar Madam ta iso, an tabbatar da ita. Baba ne ya karɓa, ya kai wa mai hoto aka sa ta a gilashi. A sito ya rataye ta, saman kujerarsa. In Madam tana son ganin takardarta, sai ta yi sallama.