Litinin Ɗin da Baba Dakta Ya Zo Babu Wasa

Akwai wata Litinin ta ƙarshen watan Agusta da har yau ba ta fita raina ba. Tunda ku sababbin shiga kun dame ni da tambayar abin da ya sa nake yin shiru in ana gardamar rage kwanakin wasan kurket na Test, bari in ba ku labarinta.

Ga wanda bai san aikin ba, ni steward ne, wato mai hidimar 'yan kallo, a ɗaya daga manyan filayen kurket na Landan, shekarata goma sha ɗaya ke nan. Na fara daga duba tikiti a bakin ƙofa, daga baya aka ba ni kula da ɓangaren tsofaffi da masu keken guragu. Sama da ni akwai shugabar shiyya, a lokacin wata Baturiya ce, Madam Pauline, sama da ita kuma jami'in da ke kula da lafiyar 'yan kallo, wanda in ya ce a'a magana ta ƙare. Shi wasan Test kwana biyar ake ɗibar masa, galibi Alhamis zuwa Litinin, tun hantsi har yamma. Wani lokaci a gama kafin kwanakin su cika, wani lokaci a cinye biyar ɗin a tashi canjaras.

A shekarar nan gardama ta yi zafi. Masu son a koma kwana huɗu suna cewa 'yan wasa na jigata, kuma rana ta biyar kujeru wayam suke. Ni ina cikinsu dumu-dumu. Hujjata ƙafafuna ce: in baro unguwarmu ta Woolwich da sassafe, in wuni a tsaye, in koma gida ina ɗingishi.

Akwai wani dattijo da muke kira Baba Dakta, tsohon likita ne mutumin Zariya, yana zaune a Catford. A makarantar kwana ya koyi kurket tun yana yaro. Idonsa ya yi rauni, yana dogara sanda, kuma ba ya zuwa sai rana ta biyar. A wasan watan Yuni, ina zaunar da shi, na ce masa cikin raha, "Baba, ai an kusa raba mu da wahalar rana ta biyar."

Ya ce, "Malam Habu, wahalar taku ita ce ranar tamu. Kwanakin farko na masu ƙarfin turereniya ne. Ni da sandata ina zan kutsa?"

Na ce, "Baba, don mutum nawa za a buɗe wannan uban fili?"

Ya gyara ɗan rediyon da yake sauraron wasa da shi a kunne kawai.

Wasan Agusta ya ƙare tun ranar Lahadi da la'asar, kuma ba zan ɓoye muku ba, na yi murna. Litinin aka kira kaɗan daga cikinmu mu kwashe shingaye mu tattara kayan da 'yan kallo suka manta. Wajen ƙarfe sha ɗaya mai gadin ƙofa ya kira ni, wai ga wani tsoho yana nemana kuma ya ƙi tafiya.

Baba Dakta ne, amma da ƙyar na gane shi. Ya zabge ƙwarai, kwat ɗin da ya ɗora a kan kaftaninsa kamar na aro, ga robar shaidar kwanciya asibiti a wuyan hannunsa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ai an gama wasa tun jiya."

"Na sani," in ji shi. "A gadon asibiti na ji. Tun makon jiya na roƙi a sallame ni saboda yau, na tanadi tasi. Sai na ce ko babu wasa bari in zo in zauna a kujerata kaɗan. Ni likita ne, ɗana, ba a iya ɓoye mini takarda. Ba zan ga wata bazarar ba."

Na tafi wajen Madam Pauline da sauri. Ƙa'ida ita ce, ranar da babu wasa ba a shigar da ɗan kallo, domin babu masu agajin gaggawa a fili. Na ce mata ni zan sa hannu, in wani abu ya faru, alhakin yana kaina. Ta ce ba sa hannuna ake buƙata ba, amma za ta tambaya. A gabana ta kira jami'in, a gabana ya ce sam, balle mutumin da ya fito daga asibiti yau. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ke nan.

Ta ajiye wayar ta ce, "Habu, ƙofar motocin kaya a buɗe take har azahar. Wanda ya zauna a wajen layin da ke bakin ƙofar bai shigo fili ba. Ɗauki kujera."

Nan na zaunar da shi, a kan kujerar roba kusa da kwandunan shara, inda ake hango tsakiyar filin ta tsakanin gine-gine biyu. Ya ce in faɗa masa abin da nake gani. Na ce mutum biyu ne suke ba ciyawa ruwa, sai tantabaru. Ya tambayi yadda wurin jifan ƙwallo na tsakiyar filin yake, na ce duk ya tsattsage. Ya yi murmushi ya ce, "Da ana wasa, da yau an sha kallo. Sai ƙasa ta gaji ake gane gwani."

Na ce, "Baba, ka yafe mini maganar da na faɗa maka kwanaki."

Ya ce, "Kai ka jefa ƙwallon da ya ƙare wasan? Ƙafa ce ke maka ciwo, ba mugunta ba ce. Allah ya yi maka albarka."

Bai fi minti ashirin ba ya ce sanyi ya fara shigarsa. Na riƙe shi har cikin tasi. A watan Nuwamba 'yarsa ta aiko saƙo ofishinmu cewa Allah ya yi masa rasuwa. Na samu sallar jana'iza, ina cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Har yau ban san wa ke da gaskiya a gardamar ba, kuma ba a wajenmu za a yanke ta ba. Abin da na koya dai shi ne, a aikin nan idonmu ya saba da ganin kujerun da babu kowa, har ma mu manta da duba waɗanda ke zaune a sauran. In aka sa ku aiki rana ta biyar, ku yi wa duk wanda ya zo sannu da zuwa da kyau, ku raka shi har mazauninsa. Ba ku san me ya tsallake kafin ya iso ƙofarku ba, kuma ba kowa ke dawowa baɗi ba.