Littattafan Sammani Ba Gado Ba Ne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris, 1978, da hantsi, wata babbar mota ɗauke da siminti ta buge Malam Sammani a kan babur ɗinsa, daf da Ƙofar Sauri. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ni ban ji ba sai ranar Alhamis, ina zaune a zaure ina jiransa kamar yadda na saba. Motar laburare ta tsaya, Dabo direba ya fito shi kaɗai. Ya durƙusa muka gaisa, ya tambayi jiki, na tambayi iyali. Gaisuwa ta ƙare bai tashi ba. Na ce, "Ina maigidan naka?" Sai ya cire hula ya rufe fuskarsa.

Sammani, har yanzu da nake wannan rubutu hankalina bai ɗauka ba. Ni ne mai tari. Ni ake riƙewa a kai masallaci. Ni ne wanda matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka watsu Legas da Kaduna neman abinci. Kai ko furfura ba ta gama fito maka ba. Kowace safiya nakan farka ina cewa wataƙila Dabo kuskure ya yi.

Ga wanda bai san mu ba, sunana Babaji. Na yi makaranta tun zamanin Turawa, kuma ni na riƙe ɗakin karatu na En'e a birni shekaru masu yawa. A lokacin, littattafanmu ba su cika kabad biyu ba, masu shigowa kuma malaman makaranta ne da 'yan ofis. Daga baya muka fara zuba littattafai a akwatunan katako muna ɗora wa jakuna zuwa ƙauyuka. A nan aka turo mini kai, akawu sabon ɗauka, mai surutu da dariya. Da na yi ritaya aiki ya koma hannunka. Jaki ya zama keke, keke ya zama tsohuwar jif, har kuɗin man fetur ya zo ƙasar nan aka sayo wannan mota mai kantoci a ciki.

Kuɗin man da ya kawo motar shi ya kwashe mutanen. Abokan aikinka suka bar laburare ɗaya bayan ɗaya, wannan ya shiga kwangila, wancan banki. An yi maka tayi, na sani. Ka ce wa mai tayin, "To, ranar kasuwar Batagarawa fa, wa zai je?"

Ni da nake kai akwati, gidan dagaci nake ajiye shi, ya yi ta shan ƙura, domin talaka ba ya zuwa ƙofar dagaci aron littafi. Kai ka mayar da akwatunan shagon tela da rumfar wanzami, inda mutane ke zaman hira. Ka buɗe littafi ka karanta musu da ƙarfi, sai labari ya kai wurin daɗi ka rufe, ka ce mai son ƙarshe ya ara. Wanda bai iya karatu ba ka nuna masa ajin yaƙi da jahilci. Manoma suka samu littattafan taki da na kiwon kaji. Matan kulle ma ba ka manta da su ba, ungozoma kake ba wa ta shigar musu. Ni kuma da idona ya yi rauni, ka mai da zaurena zango. Ba ya cikin aikinka. Kakan karanta mini jarida, ka gyara mini matashi, ka yi mini tsiya cewa na fi tsohon jakinmu taurin kai.

Dabo ya ɗauke ni zuwa gidanka a Ƙofar Sauri, wurin zaman makoki. Abin da na gani can shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mutanen ƙauye suna ta isowa, a ƙasa, a keke, a bayan akori-kura, kuma kowa da ƙunshi. Wani a buhun taki, wani a ɗankwalin matarsa. In sun yi gaisuwa sai su kwance su ajiye a kan tabarma gaban 'yan'uwanka. Littattafai ne. Tuli ya yi ta girma har ya tare hanyar shiga gida. Ɗanliti tela na Batagarawa ya zo da akwatin shagonsa a ka, ya sauke yana haki. Ya ce, "Ga kayan marigayi. Mun bi gida-gida mun tattaro, ko ɗaya ba mu bari ba. A sa cikin gado. Ba za mu kwana da haƙƙin marayu ba."

Na ce masa, "Ɗanliti, ai waɗannan ba na Sammani ba ne. Na gwamnati ne, na jama'a, naku ne."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce, "Baba, mu ba mu taɓa ganin gwamnati ta sauke akwati a shagona ba. Sammani muka sani."

Wani ma'aikaci daga ofis yana gefe, mutumin kirki ne, ya zo gaisuwa. Ya ce a hankali, tun da Allah ya sa littattafan sun dawo da kansu, sai a loda su a mota a kai sito a kulle, domin babu wanda zai karɓi zagayen ƙauyuka yanzu. Ba da mugunta ya faɗa ba. Gaskiya ce, babu kowa. Amma na san sito. Abin da ya shiga can gara ce ke karanta shi. Na ga aikinka da nawa za a binne su a mako ɗaya da kai, kuma mutanen da suka fi ƙaunarka su ne suka ɗauko gawar da hannunsu.

Ban san lokacin da na miƙe ba, ba sanda. Na ce kowa ya ɗauki abin da ya kawo ya koma da shi. Ɗanliti ya ce, "In mun koma da su, wa za mu mayar wa?"

Na ce, "Ni."

Wasu suka sunkuyar da kai, na san tausayina suke ji. Sai aka aiko daga cikin gida cewa Hajara, mai ɗakinka, ta ji komai, kuma ta ce marayunta ba su da haƙƙi a nan, a kwashe a mayar inda mahaifinsu ya ajiye. Ɗanliti ya yi naɗin gammo ya sake ɗora akwatinsa a ka. Sauran suka bi.

Ofis ya yarda Dabo ya ci gaba da fita har a sami wanda za a naɗa. Ni zan zauna a kujerarka ta cikin motar. Ba na iya karatu da ƙarfi kamar kai, ba na ma ganin ƙananan baƙaƙe, amma zan iya karɓa in miƙa. Ina roƙon masu iko kada su bari tsoho kamata ya daɗe a kujerar nan, domin ba ni da alkawari da gobe.

Allah ya jiƙanka, Sammani, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa kowane baƙi da wani ya koya ta dalilinka ya zama maka lada. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajara, da ɗiyarka Binta da ƙannenta, da Dabo, da mutanen ƙauyukan da suka ɗauka kayansu naka ne. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. In tawa ta zo, ya sa in cika da imani.

Babaji, Ƙofar Kaura, Katsina.