Daga Gyaɗi-Gyaɗi Zuwa Bayan Tanut a Kan Babur

Shekarun baya can, lokacin soja ba su daɗe da miƙa wa farar hula mulki ba, acaɓa nake yi a Gyaɗi-Gyaɗi. 'Yan siyasa sun dawo da zafinsu, kowa yana rabon babura don a san da shi. Ni ma na samu ɗaya a hannun wani da ban zaɓa ba. Ja ne, ɗan Caina, ko ledar kujerarsa ban yarda na cire ba.

Ina da aboki mai faci a bakin kasuwar Tarauni. Mutumin Nijar ne, daga wani ƙauye can bayan Tanut. Yana saurayi ya gudo Kano ba da yardar mahaifinsa ba, ya bar tsohon da gona da dabbobi, kuma tun daga nan bai sake taka garin ba. Kullum cewa yake sai ya yi abin kansa zai koma. Abin kan bai samu ba, shekaru kuma suka tafi.

Wata rana da bazara na je ya duba min taya, na tarar da shi zaune ko famfo bai fito da shi ba. Ya ce wani direban babbar mota ya kawo saƙo, mahaifinsa yana kwance, ya ce a gaya masa in zai zo ya zo yanzu. Abin da ke cin abokina shi ne kada tsohon ya rasu bai ce ya yafe masa ba. Daga Tanut kuma mota ba ta shiga wajensu sai ranar kasuwa, kasuwar ma ta riga ta ci.

Ni da bakina na ce ya tashi in kai shi. Na ce wanda ya iya ratsa cunkoson Kano da buhu biyu da mai buhun a baya, wane daji ne zai gagare shi? A lokacin ko Daura ban taɓa zuwa ba.

Mahaifiyata ba ta hana ni ba. Ta ƙulla mana garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ta ce tunda neman gafarar uba za a je, in je, amma in rage surutu a ƙasar mutane. Muka ɗaure jarkar mai da ta ruwa, abokina ya ɗebo kayan facinsa, muka kama hanya bayan asuba.

Har Damagaram abin wasa ne. Jandarmomi sun tsayar da mu a bakin iyaka, sun yi ta dariyar ledar kujerata, sannan suka sake mu. Kwalta ce, sai dai zafin rana da ciwon ƙugu. Muka kwana a tasha. Washegari da muka wuce Tanut muka sauka daga kan kwalta, a nan na san ban iya babur ba. Rairayi ba ya jin oda. Ka ba shi wuta ya haƙa rami, ka sassauta ya kayar da kai. Mun faɗi har na daina kakkaɓe jiki. Ƙaya ta huda taya, muka yi faci, ta sake hudawa. Babur ɗin ma ya koyi wani hali: in ya yi zafi ka kashe shi, sai ka gaji da buga kik kafin ya tashi.

Da rana ta take muka iso wata rijiya. Akwai wani dattijo zaune a gindin aduwa, ya rufe fuska da rawani, jakinsa yana gefe. Mu ma mun naɗe kawunanmu saboda rana, ido kawai ake gani. Abokina ya ce daga nan ya manta hanya, in tambaya, amma kada in kashe inji.

To ku da kuka san 'yan acaɓa kun san yadda muke tambaya. Ƙafa ɗaya a ƙasa, hannu a kan totur, ka ɗaga murya. Haka na yi. Na ce, “Baba, ina hanyar gari kaza?”

Ya ce, “Sannunku da zuwa. Ku sauko ku sha ruwa.”

Na ce sauri muke yi. Ya sake cewa mu sauko. Abokina ya zungure ni a baya, na sake maimaita tambayar da ƙarfi, kamar kurma nake wa magana. Dattijon ya dube mu na ɗan lokaci, sannan ya ɗaga sandarsa ya nuna arewa. Ko na gode ban tabbata na ce ba.

Bai yi mana ƙarya ba, arewa garin yake. Amma bayan tudun farko hanyar ta rabu, gaba kaɗan ta sake rabuwa, duk sawun dabbobi ne, babu wanda ya fi wani. Muka yi ta bi har rana ta faɗi. Mai ya kusa ƙarewa, ruwa saura na jiƙa maƙogwaro. A nan muka kwana. Da gari ya waye muka bi sawun tayarmu muka juyo. Man ya ƙare a hanya, muka ƙarasa da turi.

Dattijon yana nan a gindin aduwarsa. Wannan karon ba sai an ce mu sauko ba. Ya ba mu ruwa, ya jira muka sha, sannan ya fara gaisuwa. Ina gajiya, ina rana, ya hanya, ya mutanen da muka baro, ya iyali, ya jikin namu. Bai yi gaggawa ba, bai kuma ambaci jiya ba. Sai da ya ƙare ya tambayi daga ina, kuma 'ya'yan wane gida ne. A can haka ake yi, ba a nuna wa mutum gari sai an san shi, ba a sanin sa kuma sai ya zauna.

Abokina ya faɗi sunan mahaifinsa. Dattijon ya matso kusa da shi. Ya ce, “Kwance rawanin nan in gan ka.”

Da ya kwance, sai shi ma tsohon ya sauke nasa. Ƙanin mahaifinsa ne. Tun da aka aika saƙo kullum a rijiyar yake wuni, don ya san duk wanda ya taso daga Tanut a nan yake ɓacewa.

Abokina ya durƙusa. “Baffa, yana da rai?”

“Da na fito yana numfashi. Jiya dai ya fi yau baki.” Sai ya juyo ya dube ni, ya tambayi wane ne wannan mai ihun. Aka ce Bakano ne. Ya ce, “Ai shi ya sa.”

Ya ce mu bar babur ɗin a nan. Na ce a garinmu ko masallaci za ka shiga sai ka sa masa kwaɗo. Ya ce in kwantar da hankalina, a nan ba mai ɗaukar abin da sai an tura shi. Shi ya hau jaki, mu muka bi shi a ƙasa. Garin ma ba nisa. Jiya ta bayansa muka wuce.

Ban so shiga ɗakin ba, baffan ne ya ce in shigo, tunda ni na kawo shi. Tsohon yana kwance a kan tabarma, ya rame har ban san ta ina ransa yake riƙe ba. Abokina ya faɗi a gefensa yana kuka, yana ta jero maganar da ya taho da ita tun daga Tarauni. Tsohon ya laluba ya dafa kansa, ya bar hannun a nan. Mun daɗe ba mu ji komai ba, har na fara tunanin mun makara. Sannan ya yi magana, sai da baffan ya sunkuya ya ji ya maimaita mana.

“Ya ce ka yi shiru haka nan. Ya ce ya yafe tun kana hanyar tafiya Kano. Ganin ka yake so.”

Bai ƙara wata magana mai tsawo ba. Ya ɗan kwana biyu, ya rasu da hantsi. Abokina ne ya yi masa wanka da hannunsa, shi ya shiga kabari ya karɓe shi.

Yanzu an hana acaɓa a Kano, adaidaita sahu nake ja, bayana ma ba ya son doguwar tafiya. In muna hira a tasha aka ce na taɓa fita ƙasar waje a kan babur, samari sukan so su ji labarin daji da jandarma. Nakan ba su abin da ya samu. Amma ni ba wannan nake tunawa ba. Na yi shekaru ina ɗaukar mutane, na kai amare, na kai marasa lafiya, na kai ɓarayi ma ban sani ba. A cikinsu duka, mutum ɗaya nake da tabbacin na kai shi inda ya kamata, shi ma a ƙafa muka ƙarasa.