Ciwon da Inna Ta Ɗauka a Asibiti

Jiya a kasuwar Zuru na ji ƙamshin jan sabulu, sai Inna ta faɗo mini a rai. Kakata ce, ungozoma a Ribah. Ba ta taɓa mai naƙuda sai ta wanke hannu da jan sabulu da ruwan zafi. In haihuwa ta yi gardama kuma sai ta ce, "Ku kai ta asibiti, can ba a wasa da tsabta."

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa garinmu, aka cire mata ɗan ƙari a cinya a asibitin da ta yarda da shi. Bayan kwana biyar wurin ya kumbura, ya yi zafi, yana zubar da mugunya. An canza mata allura sau uku, ciwon bai ji ba.

Wata rana da hantsi ina yi mata fifita, wata nas ta ja ni gefe. Ta ce, "Ƙwayar cuta ce da ba ta jin magani. Marasa lafiya ta biyo daga asibitocin birni, ta zauna a ɗakin nan. Ba kakarki ce ta farko ba."

Na ce, "Kun sani, kuka kwantar da ita nan?"

Ta sunkuyar da kai.

Ashe Inna ta ji mu. Ta kama hannuna da tafinta mai zafi, ta ce, "'Yar nan, mata nawa na turo wurin nan?"

Bayan mako guda ta rasu.

Har yau ban yafe wa ma'aikatan asibitin shirun da suka yi a kan cutar nan ba. Allah ya jiƙan ki, Inna, ya sanyaya makwancinki, ya tsare duk wanda aka kwantar a gadon nan bayanki.