Fada Gaston da Baƙar Rigarsa

Rubuta, Rahila 'yata, kar ki kula da hawayena. Jama'ar cocinmu na Doha, kun dai san Fada Gaston, dogon Bafaranshen nan da ya tsufa a Maradi har Hausarsa ta fi tawa. Zafin Doha kamar bakin murhu, amma shi kullum yana cikin baƙar rigarsa ta limaman da, har ƙasa. Ga shi a garin nan maza fari suke sawa, baƙi na mata ne. Rannan a tashar jirgin ƙasa ta Mushairib mai gadi ya hango shi ta baya, ya ce, "Yalla Hajiya, taragon mata na can!" Fada ya juyo da gemu har ƙirji, ya ce, "Na gode, ɗana, amma ban shirya ba."

Lokacin gasar ƙwallon duniya kuwa, da Faransa ta kai wasan ƙarshe, ya ce haram ya kalla. "Ƙwallo ranar Lahadi? Tir!" Ya juya wa talabijin ɗinmu baya, yana jan carbi. Can sai mu ji, "Maman Rahila, nawa-nawa?" Da aka cinye su ya share ido ya ce, "Ai na faɗa musu."

Amma ba don wannan nake kuka ba. Tun kafin gasar, ni da maigidana Ɗanjuma mun zo ganin jika ne, korona ta rufe hanya, ta kuma kama shi. Numfashi ya fara gagararsa a ɗakinmu na unguwar Al Muntazah, an kira motar asibiti. Abu ɗaya yake tsoro, kar ya tafi ba a shafa masa tsarkakken mai na bankwana ba. An rufe coci, kowa sai addu'a ta waya. Fada ya ce, "Mai ba ya bin waya." Da ƙafa ya zo, ya riga motar.

Rahila, da yake nas ce, ta tare ƙofa, ta naɗe shi cikin rigar leda kamar ƙullin alala. Ta miƙa masa auduga a tsinke don shafa man, ya ce, "Ba kunne na zo goge masa ba." Ya sa babban yatsansa a goshin Ɗanjuma, yana ta zuba Latin.

Mutumin nawa ya buɗe ido da ƙyar. "Fada, ko kalma ɗaya ban gane ba."

"Yi shiru, Ɗanjuma. Ba da kai nake ba."

Wallahi yana dariya aka ɗauke shi. Ban sake ganin fuskarsa ba, amma ya tafi da mai a goshi.

Yanzu an ce Fada ma ya kwanta dama a ƙauyensu can Faransa. Ya Ubangiji, ban san wanda ya tsaya a kansa ba. Ka sa wani ya zo masa da ƙafa. Ka ba su hutawa, su biyun. Amin.